Tambarin "Na Manya": Ra'ayi a Kan Littattafan Wasan Shiga-Labari

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya yi nazarin adabin baka ya san akwai maganar da ake faɗa a dandali wadda ba a faɗarta a zaure, akwai kuma wadda ake faɗa a zaure da ba ta shiga cikin gida. Ɗan gambara yakan saki baki a tsakiyar kasuwa jama'a su yi ta dariya, amma da zai maimaita rabin abin da ya faɗa a gaban surukinsa, da sai a ce ya taɓu. Kalmomin suna nan yadda suke, wurin zama da masu saurare ne suka sake. Wannan abin da muka sani tun muna yara shi ne ma'aunin da nake so in ɗauka in auna wata gardama da aka shafe fiye da shekara 40 ana yi a Amurka da wasu ƙasashen Turai, watau gardamar abin da ya dace a sa da wanda bai dace a sa ba cikin littattafan wani irin wasa da ake yi a kan tebur.

Mai karatu yana iya tambaya, me ya haɗa mujallar Sashen Hausa da wasan Amurkawa? Amsar ita ce, wasan nan ba da labari ne da baki, sai dai an rubuta masa dokoki an buga an sayar. Tambayar da ya tayar kuwa tamu ce tun fil'azal: wane ne yake da ikon cewa labari ya wuce gona da iri, kuma da wane ma'auni?

Yadda Wasan Yake

A shekarar 1974 wasu Amurkawa biyu, Gary Gygax da Dave Arneson, suka fitar da wasan da suka kira Dungeons & Dragons ta hannun wani ƙaramin kamfani mai suna TSR, wanda ke garin Lake Geneva a jihar Wiskonsin. Tun da ba mu da sunan irin wannan wasa a Hausa, zan kira shi wasan shiga-labari, domin abin da ake yi ke nan. Mutum huɗu ko biyar za su zauna kewaye da tebur. Ɗaya daga cikinsu shi ne jagora, shi ke riƙe da zaren labari, shi ke bayyana gari da daji da mutanen da aka tarar. Sauran kuma kowa ya ɗauki tauraro guda, wannan jarumi, wancan ɓarawo, wancan masihirci, ya rubuta ƙarfinsa da wayonsa da kayan yaƙinsa a takarda. Jagora ya ce, "Kun iso bakin wani kogo, kuna jin kuka daga ciki." Ɗan wasa ya ce, "Na kunna fitila na shiga." In abin da ya yi niyya mai wuya ne, sai a jefa ƙwaya irin ta ludo, sai dai tasu wata fuska 4 gare ta, wata 8, wata 12, wata har 20, lambar da ta fito ita za ta nuna ko ya dace ko ya faɗi. Ba a sa kuɗi, ba a kuma cewa wane ya cinye wane. Ribar wasan ita ce labarin da aka haɗu aka ƙaga.

Ɗaukar matsayin wani ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A wasan gauta matan fada sukan kwaikwayi sarki da hakimansa, a kalankuwa kuma samarin ƙauye sukan naɗa wa junansu sarautu bayan kaka, su yi mulki da shari'a na wasa. Abin da ya bambanta na Amurkawa shi ne kamfani ya shiga tsakani yana sayar da littattafai: na dokoki, na dodanni, da na labaran da aka tsara rabi aka bar wa 'yan wasa rabi. A kan waɗannan littattafai ne rigima ta tashi.

Masu Hani

Tun a 1976 kamfanin ya fitar da wani ƙarin littafi mai suna Eldritch Wizardry, wanda aka zana mace tsirara kwance a kan dutsen yanka a bangonsa, a ciki kuma ga jerin shaiɗanu da sunayensu. A lokacin masu wasan ba su da yawa, galibinsu kuma ɗaliban jami'a ne da magidanta, saboda haka ƙurar ba ta yi nisa ba. Amma a 1979 wani ɗalibi ɗan shekara 16 ya ɓace daga Jami'ar Jihar Mishigan. Mai binciken da iyayensa suka ɗauka, William Dear, ya yi zaton ko yaron ya shiga ramukan bututu da ke ƙarƙashin jami'ar ne yana wasan nan a zahiri. Jaridu suka ɗauka suka yayata. Daga baya, a littafin da ya rubuta a 1984, shi mai binciken da kansa ya bayyana cewa damuwar yaron daban take da wasan. Amma kafin nan an riga an yi littafin ƙagaggen labari a kan jita-jitar, Mazes and Monsters na Rona Jaffe a 1981, an kuma mayar da shi fim na talabijin a 1982. Hausawa suka ce magana zarar bunu ce.

A 1982 ɗan wata mata mai suna Patricia Pulling, a jihar Bajiniya, ya kashe kansa. Uwar ta ɗora laifin a kan wasan, ta kai shugaban makarantar yaron da kamfanin TSR ƙara, kotu ta kori ƙararrakin. A 1983 ta kafa ƙungiyar yaƙi da wasan wadda aka fi sani da BADD, ta riƙa zagayawa tana yi wa iyaye da 'yan sanda lacca cewa wasan ƙofar tsafi ne da kisan kai. A 1984 Jack Chick, mai buga ƙananan littattafan wa'azin Kirista masu zane, ya fitar da Dark Dungeons, inda ya nuna 'yan mata suna faɗawa hannun matsafa ta hanyar wasan. A 1985 shirin 60 Minutes na gidan talabijin na CBS ya kawo maganar gaban dukan Amurka. Sai a 1990 marubuci Michael Stackpole ya bi hujjojin ƙungiyar ɗaya bayan ɗaya ya nuna rauninsu.

Ba na cikin masu yi wa wannan mata dariya. Uwa ce da ta rasa ɗa tana neman dalili, wanda duk ya taɓa zaman makoki kuwa ya san yadda zuciya take neman abin da za ta kama. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda kamfanin ya amsa. Tun a 1981 ya janye bugun farko na wani labari mai suna Palace of the Silver Princess saboda zane-zanen da ke ciki. Da aka zo bugu na 2 na babban wasan a 1989, sai aka cire shaiɗanu da iblisai, aka kuma cire matsayin mai kisan gilla daga cikin taurarin da ɗan wasa zai iya ɗauka. A 1990 wani babban ma'aikacin kamfanin, James Ward, ya rubuta a mujallarsu ta Dragon cewa gudun fushin iyaye mata ne ya sa aka yi haka. Ba a jima ba halittun nan suka dawo da sababbin sunaye, baatezu da tanar'ri, da ƙahonsu da wutarsu kamar da. An sake wa kura suna an bar ta da haƙoranta, ƙorafi kuma ya ragu. Wannan ya nuna cewa yawancin masu hanin bango da sunaye suke dubawa, ba su taɓa zama sun ga yadda ake wasan ba.

Masu Saki

Yaran da aka yi rigimar dominsu sun girma, sun kuma so wasan ya girma tare da su. A 1991 kamfanin White Wolf ya fitar da Vampire: The Masquerade na Mark Rein-Hagen, inda ɗan wasa yake ɗaukar matsayin mataccen da ke rayuwa da jinin mutane, yana kokawa da yunwarsa don kada sauran mutuntakarsa ta ƙare. A nan an juya al'amarin: a da kai ne mai kashe dodo, yanzu kai ne dodon. Kamfanin har ya keɓe wani reshe mai suna Black Dog domin littattafan da ya ce na manya ne kaɗai.

Shi ma tsohon wasan ya bi sahu. Kamfanin Wizards of the Coast ya sayi TSR a 1997, a bugu na 3 na shekarar 2000 kuma shaiɗanu suka koma sunayensu na asali. A 2002 aka fitar da Book of Vile Darkness na Monte Cook, littafi na farko na wannan wasa da ya zo da tambarin gargaɗi cewa na manya ne. A cikinsa akwai dokokin azabtarwa, da na yanka mutum don tsafi, da na kayan maye. Mujallar Dragon ta 300 ta buga wani sashe a kan littafin a liƙe, sai mai karatu ya yage kafin ya gani. Tracy Hickman, ɗaya daga marubutan Dragonlance, wanda ya daɗe yana kare wasan daga masu cewa na shaiɗan ne, ya fito ya yi tir da abin. A ganinsa an ba maƙiya sandar da za su doki wasan da ita.

A 2003 sai ga wani ƙaramin kamfani, Valar Project, ya shirya Book of Erotic Fantasy, mai dokokin saduwa da ɗaukar ciki da makamantansu, da hotuna. Tun a 2000 Wizards ya ba wasu kamfanoni lasisin amfani da dokokinsa da kuma tambarinsa na d20. Da ya ji labarin wannan littafi sai ya gyara lasisin tambarin ya sa sharaɗin kiyaye mutunci. Littafin ya fito, amma babu tambarin. Abin lura a nan shi ne, kamfanin da ya buga dokokin azabtarwa da hannunsa a bara shi ne ya ƙi a ga tambarinsa kusa da tsiraici a bana. Ko wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa layin da aka ja bai bi girman ɓarna ba, ya bi abin da al'ummar ta saba jin kunyarsa ne.

Abu Uku a Ƙarƙashin Tambari Ɗaya

A ganina tushen ruɗanin shi ne kalmar "na manya" ta haɗa abu uku da ba ɗaya suke ba. Na farko abin kunya, watau batsa da tsiraici. Na biyu abin ƙyama, watau jini da azaba da ƙazanta. Na uku abin nauyi, watau maganar da take bukatar hankali da sanin ya-kamata kafin a ɗauke ta. Misalin na ukun shi ne Book of Exalted Deeds na 2003, wanda ke magana a kan waliyyai da shahada da afuwa da alwashin talauci, amma shi ma aka sa masa tambarin nan, domin ya taɓo abubuwan da suka yi kama da addinan gaske. Ke nan littafin mugunta da littafin nagarta gargaɗi ɗaya suka ɗauka a goshi.

Littattafai biyu na White Wolf sun ƙara fito da bambancin. A 1997 reshen Black Dog ya buga Charnel Houses of Europe: The Shoah, wanda ya ɗauki kisan kiyashin da gwamnatin Hitila ta yi wa Yahudawa ya shigar da shi cikin wasan fatalwowi. Kafin ya fito mutane da yawa sun ɗauka cin zarafin matattu za a yi. Da ya fito sai aka tarar an rubuta shi da ladabi, an kawo tarihin wurare irin su Auschwitz da Babi Yar, an kuma bar laifin a wuyan 'yan Adam da suka aikata shi, ba a jingina shi ga wani dodo ba. A 2018 kuwa, a littafin Camarilla, aka ɗauki kame da azabtarwar da aka ruwaito ana yi wa waɗanda ake zargi da luwaɗi a Checheniya tun 2017, aka mayar da su wata dabarar masu shan jini ta ɓoye kansu. Waɗanda abin ya shafa suna raye, wasunsu suna gudun hijira. Aka yi ca a kan kamfanin, har Paradox Interactive na ƙasar Suwidin, wanda ya mallaki White Wolf, ya dakatar da sayar da littafin, ya cire sashen, ya kuma karɓe ragamar kamfanin. Duka biyun baƙin cikin gaske suka taɓa. Ɗaya ya taɓa shi irin taɓawar mai ta'aziyya, ɗayan ya mayar da shi kayan ado. Tambari yana iya gaya maka shekarun mai saye, amma bai taɓa gaya wa kowa hankalin marubuci ba.

Maganar Wakilin Suna

Akwai wani abu da ɗalibin harshe ya fi kowa saurin ganewa, wanda kuma nake ganin shi ne zuciyar al'amarin. A tatsuniya cewa ake yi, "Gizo ya tafi, ya yaudari Ƙoƙi." A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, ko da yake Alhaji Imam da bakinsa yake ba da labarin yawonsa, mai karatu yana gefe yana saurare, hannunsa bai taɓa kome ba. A wasan shiga-labari kuwa wakilin suna ya tashi daga mutum na uku ya koma na biyu da na ɗaya. Jagora ya dube ka ya ce, "Ka kama shi, ya ƙi magana, me za ka yi?" Kai kuma ka buɗe baki a gaban abokanka ka ce, "Na ɗaure shi," ko ka ce, "Na sake shi." Tsakanin "ya yanka" da "na yanka" harafi ɗaya ne, amma nauyinsu a baki ba ɗaya ba ne.

A nan masu hani suna da wata 'yar gaskiya, ko da yake sun kai ta inda ba ta je ba. Wanda ya ce "na yanka" a wasa bai zama mahauci ba, kamar yadda saurayin da aka naɗa alƙali a kalankuwa bai zama alƙali ba. Amma ba shakka abin ya fi kusa da jiki fiye da karatu. Masu saki kuma da suke cewa ai labari ne kawai, wanda bai so ya rufe littafi, sun manta cewa a tebur babu littafin rufewa. Mai karatu shi kaɗai ne da shafinsa, yana iya tsallakewa ba wanda ya sani. Ɗan wasa yana tsakiyar mutane, an kira sunansa, ana jiran amsarsa, kunya kuma ba za ta bar shi ya ce a daina ba.

Na taɓa ganin haka da idona. Mukan yi wasan nan da wasu abokai da ƙananan dokokin da kamfanin ya saki kyauta a intanet a 2014, waɗanda babu wani tambarin gargaɗi a kansu. A cikinmu akwai wani mai raha, wanda in ana sare kawunan dodanni shi ne kan gaba wajen dariya. Wata rana wani baƙo da ya ƙware ya ja mana labari, ya kai mu wani ƙauye da mahara suka shiga da asuba. Ya bayyana rumbuna suna hayaƙi, an kore shanu, ga takalmin yaro guda ɗaya a bakin rijiya. Babu batsa ko ɗaya, jini ma bai ambata ba. Abokin nan namu ya ajiye alƙalaminsa, ya ce zai je ya sha iska, bai kuwa dawo ba ran nan. Daga yankin da 'yan bindiga suka addaba ya fito, baƙon kuma bai sani ba. Wane marubuci ne a Amurka zai san cewa takalmin yaro a bakin rijiya ya fi dukan Book of Vile Darkness nauyi ga wannan mutum? Wane tambari ne zai hango haka?

Iyaka da Labule

Su kansu masu wasan sun gano wannan, kuma a ganina maganin da suka samo ya fi na kamfanoni da na masu zanga-zanga. A 2003 Ron Edwards, a littafinsa Sex and Sorcery, ya kawo shawarar abu biyu da zan fassara da iyaka da labule. Iyaka ita ce abin da aka yarda tun farko ba zai shigo labarin ba sam. Labule kuwa shi ne abin da zai iya faruwa a labarin amma ba za a bayyana shi filla-filla ba, a ambata a wuce. Daga baya John Stavropoulos ya fito da kati mai alamar X da ake ajiyewa a tsakiyar tebur, duk wanda abu ya dame shi ya taɓa shi, a kauce ba tare da an tambaye shi dalili ba. A 2019 kamfanin Monte Cook, shi wannan da ya rubuta littafin mugunta na 2002, ya fitar da ɗan littafi kyauta mai suna Consent in Gaming, na Sean K. Reynolds da Shanna Germain, a kan neman yardar abokan wasa. A 2020 kuma Wizards ya shigar da shawarar zaman share fage kafin a fara labari cikin littafinsa Tasha's Cauldron of Everything.

Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin labulen nan shi ne sakaya. Mu ne muke cewa an kai amarya ɗakinta mu yi shiru, mu ce wane ya riga mu gidan gaskiya, mu ce za mu zagaya. Tsohuwa mai tatsuniya takan dubi waɗanda ke zaune kafin ta zaɓi wadda za ta yi, in kuma ta ga ƙaramin ya fara maƙalewa a jikin yayarsa sai ta gaggauta kashe dodon. Wanda ya duba Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa da Frank Edgar ya tattara aka buga tsakanin 1911 da 1913 zai tarar da labaran da ba za a karanta wa 'yan firamare ba. A bakin masu su, waɗannan labarai suna da mai gadi, watau idon mai faɗa da saninsa da masu saurare. Da aka zuba su a takarda sai suka rabu da mai gadin. Littafin wasan shiga-labari ya bi hanyar a juye: ya fara a takarda ba mai gadi, sai an kawo shi tebur yake samun nasa.

Akwai masu raina waɗannan dabaru, suna cewa in za a riƙa taɓa kati duk lokacin da labari ya yi zafi, to an mayar da shi kunu ba tsami. Ban yarda da su ba. 'Yan dambe suna naushi da gaske ne domin sun san akwai mai rabawa, kuma in mutum ya kai ƙasa an gama. Ɗauke mai rabawa ka gani in wani mai hankali zai shiga fage. Haka teburin da kowa ya san yana da hanyar tsayar da abu ya fi iya shiga daji mai duhu, domin jagora ba ya lalube yana tsoron taka wani. Abokan wasa a al'adarmu, kamar jika da kaka ko taubasai, suna gaya wa juna maganar da ba mai iya gaya wa wani, saboda an san dangantakar an kuma san inda ta tsaya.

Inda Tambari Yake da Amfani

Duk da haka ba na cewa a jefar da tambarin. Littafi yakan bar tebur ya shiga kanti, yaro ɗan shekara 12 ya ɗauka, uban da zai biya kuɗi kuwa yana da haƙƙin a gaya masa abin da ke ciki. Sai dai gargaɗin da ya faɗi abin da ke ciki dalla-dalla, cewa akwai azabtarwa ko tsiraici ko bautar gumaka, ya fi wanda ya ce "na manya" ya yi shiru. Haka kuma mai kanti yana da ikon ƙin karɓar kaya. A 2015 babbar kasuwar littattafan nan ta intanet, DriveThruRPG, ta sauke wani littafi da ya mayar da fyaɗe abin gasa, ta kuma kafa ƙa'idar kai ƙorafi. Ban ga an tauye kowa ba a nan, domin wanda ya ƙi sayar da kayanka bai hana ka magana ba.

Ga mai karatu Musulmi kuma, na san abin da zai fi tsaya masa a rai ba jini ba ne, gumakan ƙage ne da sihiri, da kuma cewa da bakinka za ka ce tauraronka ya roƙi wani abin bauta. Wannan damuwa ce ta gaske, maganar wakilin sunan nan ce kuma ta dawo. Mun karanta labaran aljannu a Gandoki da Magana Jari Ce tun muna firamare ba wanda ya ce mun yi laifi, amma karantawa daban, furtawa daban. Teburin da ya ga haka bai kwanta masa ba sai ya sa iyakarsa a nan, ya cire gumakan ya ci gaba da wasansa, dokokin ba su hana ba. Hukuncin halacci kuwa na malamai ne, ba na mai wannan rubutu ba.

Kammalawa

Mu ma mun yi irin wannan gardama a kan littattafan soyayya na Kano, har aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i a 2001, aka kuma ƙona wasu littattafai a bainar jama'a a 2007. A can da nan tambaya ɗaya aka fi yi, watau me ke cikin littafin. Tarihin wasan shiga-labari ya nuna cewa tambayar nan ita kaɗai ba ta isa ba. Masu hani sun sa an sake sunaye, abin da ke ciki bai sake ba. Masu saki sun sami 'yancin buga kome, aka tarar a ciki akwai mai hankali akwai marar kunya, duk a ƙarƙashin tambari ɗaya. Waɗanda suka kawo gyara na gaske su ne suka ƙara wasu tambayoyi: wa ke zaune, me ya ɗauko daga gida, kuma yana da bakin cewa a tsaya?

Saboda haka in aka tambaye ni ko ya dace a buga littattafan wasa masu ɗauke da abubuwan manya, zan ce a buga, a faɗi abin da ke ciki a bango da gaskiya, a kuma yi wa marubucin hisabi a kan yadda ya riƙe abin da ya ɗauka. Amma hukunci na ƙarshe yana hannun mutum biyar ɗin nan da ke zaune, kuma babba a cikinsu shi ne wanda ya dubi fuskokin 'yan'uwansa kafin ya buɗe baki. Ina fata wani daga cikin 'yan'uwana ɗalibai zai ɗauki wannan ma'auni ya koma da shi kan namu adabin, ya bincika mana yadda masu tatsuniya da 'yan kama da 'yan gambara suke auna masu sauraronsu, tun masu wannan sani suna raye.